Tambayoyi da Amsoshi Kan Yawon Buɗe Ido a Costa del Sol: Ƙauyuka, Duwatsu da Garuruwan Bakin Teku

Ina ne Costa del Sol, kuma me sunan yake nufi?

Costa del Sol suna ne na gaɓar tekun Bahar Rum da ke lardin Malaga, a yankin Andalus na kudancin Sifaniya, kuma ma'anarsa a harshen ƙasar ita ce Gaɓar Rana. Ta miƙe sama da kilomita 150, daga Manilva a yamma zuwa Nerja a gabas, birnin Malaga kuma yana kusan tsakiyarta. Abin da ya ba ta wannan yanayi shi ne jerin duwatsun da suka tsaya mata ta baya kamar katanga, suna tare sanyin da ke saukowa daga arewa, don haka hunturunta mai sauƙi ne, kuma a yawancin kwanakin shekara sama garau take.

Waɗannan duwatsu su ne abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko. Mutane da yawa suna zuwa su yi mako guda tsakanin otal da rairayin bakin ruwa, su koma gida ba su san cewa tafiyar rabin sa'a a mota za ta kai su ƙauyukan da har yau suke ɗauke da sunayen Larabci ba. A ganina wanda ya yi haka ya biya kuɗin jirgi cikakke, amma rabin ƙasar ya gani.

Ga wata 'yar fa'ida game da furuci, domin direban bas ya gane abin da kake faɗa: Nerja ana cewa Nerha, Mijas ana cewa Mihas, Marbella kuma Marbeya.

Wane lokaci ne ya fi dacewa a je?

Ga mai son yawo da hawan dutse, Afrilu zuwa farkon Yuni, sai kuma ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. A watannin Yuli da Agusta zafin rana yakan kai digiri 30 ko ya ɗan haura a bakin teku, wanda ba wani abu ba ne ga mutumin Sakkwato ko Agadas, sai dai cunkoso da tsada su ne matsalar, domin a lokacin ne Turai ke hutu. Akwai kuma wata busasshiyar iska mai zafi da mutanen Malaga ke kira terral, wadda ke gangarowa daga tudu. Ranar da ta taso zafi yana iya wuce digiri 40, kuma ba ranar hawan dutse ba ce.

Ruwan sama yana zuwa ne tsakanin Nuwamba da Maris, akasin yadda damina take a wurinmu. Ba kullum yake sauka ba, amma idan ya zo yakan zo da ƙarfi, kamar yadda ambaliya ta mamaye wasu titunan Malaga a Nuwambar 2024. Wanda zai je a hunturu ya tafi da rigar sanyi mai kauri, musamman idan zai hau Ronda ko Antequera, inda dare ke da sanyi ƙwarai.

Wace biza ake buƙata, kuma ta ina ake shiga?

Sifaniya tana cikin ƙasashen Shengen, don haka mai fasfon Nijeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Cadi ko Sudan yana buƙatar bizar Shengen, wadda ke ba da damar zama har kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Ana neman shaidar masauki, da tikitin zuwa da dawowa, da bayanan asusun banki, da inshorar lafiya da ba ta gaza yuro 30,000 ba. A fara neman ranar ganawa da wuri, domin layin ne ya fi cin lokaci, ba takardun ba.

Filin jirgin saman Malaga yana kimanin kilomita 8 daga tsakiyar birnin, kuma daga Afirka ta Yamma galibi ana sauya jirgi a Kasabalanka, Istanbul ko Faris. Wanda ya sauka a Madrid yana iya hawa jirgin ƙasa mai gudu, wanda ke kai mutum Malaga cikin sa'a uku ko ƙasa da haka.

A wane gari ya kamata in kama masauki?

Wannan ya danganta da ko za ka ɗauki hayar mota. Idan ba za ka ɗauka ba, ka zauna a kan layin jirgin ƙasa na C1, wanda ke tashi daga tsakiyar Malaga, ya bi ta filin jirgin sama, da Torremolinos, da Benalmadena, ya ƙare a Fuengirola cikin ƙasa da sa'a guda. Daga nan babu jirgin ƙasa zuwa Marbella ko Estepona. Sai bas ko tasi.

Torremolinos ne garin da harkar yawon buɗe ido ta fara bunƙasa a cikinsa. Kafin ƙarshen shekarun 1950 ƙauyen masunta ne da masu injin niƙa, sai otal-otal suka fara tashi, Pez Espada na 1959 yana cikin na farko, cikin shekaru kaɗan kuma benaye suka rufe gaɓar. Benalmadena da Fuengirola sun bi sahu. Ba zan ce garuruwa ne masu kyan gini ba, amma suna da sauƙin kuɗi, da shaguna, da doguwar hanyar yawo a bakin ruwa wadda iyali za su ji daɗinta da yamma. A Benalmadena akwai wasu 'yan akwatuna masu tafiya a rataye jikin igiyar ƙarfe, suna ɗaukar mutane zuwa ƙolin dutsen Calamorro, inda idan sama ta washe ake hango duwatsun Maroko.

Marbella gari biyu ne a cikin ɗaya. Akwai na attajirai, da tashar jiragen ruwan alfarma ta Puerto Banus da aka buɗe a 1970, inda kofi ɗaya zai iya cin kuɗin abincin rana na wani wuri. Akwai kuma tsohon gari, mai lunguna farare da ragowar ganuwar zamanin Musulmi, da dandalin itatuwan lemo da ake kira Plaza de los Naranjos. Na biyun ne ya cancanci lokacinka. Estepona ta fi natsuwa, kuma ta ƙawata lungunanta da tukwanen furanni, kowane titi da launin tukwanensa. Idan kuwa ni aka tambaya, Nerja zan zaɓa, domin ba ta da dogayen benaye da yawa, duwatsu sun sauko har bakin ruwa, kuma ƙauyukan gabas suna kusa.

Shin birnin Malaga kansa ya cancanci a ba shi kwana guda?

Ya cancanci biyu. Birni ne da Finikawa suka kafa kusan shekara 2,800 da suka wuce, kuma a wuri ɗaya mutum zai ga zamani uku sun hau kan juna: filin wasan kwaikwayo na Rumawa a ƙasa, wanda aka tono a 1951, fadar Alcazaba ta ƙarni na 11 a samansa, sai ganuwar Gibralfaro ta ƙarni na 14 a ƙolin tudu. Sunan Alcazaba daga kalmar Larabci ta alƙasaba yake. A ciki akwai ƙofofi masu lanƙwasa da aka gina domin kada mahara su shigo kai tsaye, da 'yan magudanan ruwa da ke ratsa farfajiya. Birnin ya fita daga hannun Musulmi a Agustan 1487 bayan doguwar ƙawanya, aka kuma gina babbar majami'a a gurbin babban masallacin. Hasumiyarta ta biyu har yau ba a ƙarasa ba.

Ka shiga kasuwar Atarazanas da safe. Babbar ƙofarta ta dutsen marmara saura ce daga ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta sarakunan Banu Nasr, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, alamar cewa a da teku yana isowa har nan. Mai sha'awar zane kuma ya san a nan aka haifi Picasso a 1881, kuma an buɗe gidan adana ayyukansa a 2003.

Mene ne fararen ƙauyuka, kuma waɗanne zan fara gani?

Ƙauyuka ne da aka gina a jikin duwatsu, gidajensu a manne da juna, an shafe su da farar ƙasa domin ta mayar da zafin rana. Lungunansu matsattsu ne masu karkacewa, wasu ma matakala ce zalla, kuma duk wanda ya taɓa ratsa unguwannin cikin birnin Kano ko tsohon garin Damagaram zai gane hikimar: inuwa, da sirrin gida, da rikita baƙon da ya zo da mugun nufi.

Mijas ne ya fi sauƙin kaiwa, domin bas yana hawa daga Fuengirola cikin minti ashirin da wani abu. Yana da kyau, kuma daga lambun ganuwarsa ana ganin gaɓar gaba ɗaya, amma saboda sauƙin nan ne ya cika da 'yan yawo da shagunan tsaraba. An san shi da jakunan haya tun shekarun 1960. Ni dai ina ba da shawarar a taka da ƙafa, garin bai da girman da za a ɗora wa dabba nauyi a tsakar rana.

Frigiliana, mai nisan kilomita 6 daga Nerja, shi ne wanda na fi so. A tsohuwar unguwarsa an manna alluna goma sha biyu na tangaran a jikin bango, kowanne yana ba da wani yanki na labarin yaƙin 1569, lokacin da Musulmin da aka tilasta wa shiga Kiristanci suka yi tawaye, suka fake a kan dutsen da ke saman garin, har aka ci su da yaƙi. Mutum yana hawa yana karantawa, allo bayan allo, numfashi yana ƙaruwa, labarin kuma yana ƙara nauyi. Na hau wata safiya kafin motocin 'yan yawo su iso, sai na tarar da wata dattijuwa a ƙofar gidanta da bokiti da buroshi ɗaure a sanda, tana sabunta farin bangonta. Ta bi gefen shuɗiyar ƙofar a hankali don kada farin ya taɓa shuɗin, sannan ta sunkuya ta goge ɗigon da ya faɗi a kan duwatsun lungu da tsumma. Ta amsa gaisuwata ba tare da ta ɗaga kai daga aikin ba. Tun daga ranar na daina kallon waɗannan garuruwa a matsayin wurin ɗaukar hoto. Farin nan aikin hannun wasu ne, shekara bayan shekara. Kafin ka sauko, ka sayi kwalbar zumar rake da ake dafawa a tsohuwar masana'antar garin, ɗanɗanonta yana kusa da na maɗi.

Daga nan sai sauran ƙauyukan yankin Axarquia, sunan da ya fito daga kalmar ashsharƙiyya, wato gabashiya. Competa tana tsakiyar gonakin inabi, kuma a ƙarshen Agusta da Satumba za ka ga shimfiɗun shanya a jikin tudu suna fuskantar rana, inda ake busar da inabi ya zama zabibi. Comares tana zaune a kan tsauni kamar sheƙar mikiya. A yamma kuma akwai Casares, mahaifar Blas Infante, wanda mutanen Andalus ke ɗauka uban kishin yankinsu, da Gaucin, inda ake hango dutsen Jibralta da gaɓar Afirka a lokaci guda. Kada a yi ƙoƙarin haɗa ƙauyuka huɗu a rana ɗaya. Biyu sun isa, ɗaya da safe, ɗaya bayan la'asar, domin tsakanin ƙarfe biyu da biyar yawancin shaguna a rufe suke.

Ana yawan ambaton Ronda. Ta kai yadda ake faɗa?

Ta kai. Gari ne da ke sama da mita 700 daga doron teku, kuma kogin Guadalevin ya tsaga shi biyu da wani kwazazzabo mai zurfi da ake kira El Tajo. Gadar da ta haɗa ɓangarorin biyu, Puente Nuevo, an gama ta a 1793, tsayinta kuma ya kusa mita 100. Yawancin baƙi suna tsayawa a kanta su leƙa ƙasa su wuce. Ka sauka ta hanyar ƙafa da ke gangarawa daga tsohon gari, domin daga ƙasa ne ake ganin yadda ginin ya fito daga cikin dutsen kamar tare aka halicce su.

Ga mai neman tarihin Musulunci, Ronda ta fi gadar nan yawa. Gidan wanka na ƙarni na 13 zuwa na 14 da ke ƙasan gari yana cikin waɗanda suka fi tsira a duk Sifaniya, da rufinsa mai ramuka masu siffar taurari da haske ke shigowa ta cikinsu. A cikin majami'ar Santa Maria la Mayor akwai ragowar bakan mihirabin tsohon masallaci. Ƙofar ganuwa ta kudu sunanta Almocabar, kuma Bahaushe ba ya buƙatar tafinta kafin ya ji kalmar maƙabarta a ciki, domin a wajenta ake binne mamata. Garin ya fita daga hannun Musulmi a 1485.

Hanyar da ke hawa daga San Pedro de Alcantara, kusa da Marbella, kimanin kilomita 50 ce, amma kwana ce bayan kwana, don haka mai saurin jiri ya zauna gaba kuma kada ya cika ciki. Wanda ya sami hali ya kwana a garin, saboda da yamma motocin baƙi suna watsewa, lungunan su koma hannun masu su.

Akwai wata alaƙa tsakanin wannan yanki da karatun da muka sani a gida?

Akwai, kuma ta fi yadda ake zato kusa. Andalus ƙasar mazhabar Malikiyya ce, kamar ƙasar Hausa, kuma wasu daga malaman da ake jin sunayensu a zaurukan karatu 'yan wannan gaɓa ne. Garin Fuengirola a da sunansa Suhail, kuma daga nan Imam Suhaili ya samo laƙabinsa, malamin nan da ya yi sharhin Sirar Ibn Hisham, wanda ya rasu a Marrakesh a 1185. Ganuwar da ke kan tudu a bakin garin har yau Sohail ake kiranta, kuma asalinta yana komawa zamanin halifa Abdurrahman na Uku a ƙarni na 10. Ibn Abbad, wanda ya yi sharhin Hikam na Ibn Aɗa'illah, haifaffen Ronda ne, mawaƙi Abul Baƙa'i da ya yi wa Andalus marsiyya kuma da garin ake danganta shi. A Benalmadena kuma an kafa mutum-mutumin Ibn Baiɗar, masanin tsirrai da magunguna da ya rasu a Dimashƙa a 1248.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙananan ƙauyuka biyu na Axarquia, Archez da Salares. A kowannensu hasumiyar masallaci ta jan bulo tana nan tsaye, kusan shekara 700, an ɗora mata ƙararrawa a sama ta zama ta majami'a. Ta Archez tana da ado na saƙa a jikinta irin wanda ake gani a hasumiyoyin Maroko. Babu layi, babu mai sayar da tikiti, sai tsofaffi a kan benci da kyanwa a inuwa.

Ina son hawan dutse, amma ni ba gwani ba ne. Me ya dace da ni?

Abin da ya fi shahara shi ne Caminito del Rey, wata siririyar hanya da aka manna a jikin bangon kwazazzabon Gaitanes, kimanin mita 100 sama da kogin Guadalhorce. An gina ta tsakanin 1901 da 1905 domin ma'aikatan tashoshin lantarki na ruwa, ta kuma samu sunanta bayan Sarki Alfonso na 13 ya bi ta a 1921. Daga baya ta lalace har ta ci rayuka, aka rufe ta, sannan aka sake buɗe sabuwa a 2015, da katako da shingen ƙarfe. Tafiyar gaba ɗaya ta kusa kilomita 8, hanya ɗaya ce daga ɓangaren Ardales zuwa El Chorro, sai bas ya mayar da mutum inda ya bar mota. Ana ba kowa hular kwano, ba a shiga da yaron da bai kai shekara takwas ba, kuma idan iska ta yi ƙarfi ana rufewa. Ba ta buƙatar ƙarfi sosai, zuciya take buƙata. Tikiti yana ƙarewa makonni kafin ranar, don haka a saya ta intanet tun kafin a baro gida. Kusa da nan ne kangon Bobastro yake, mafakar Umar ibn Hafsun, wanda ya yi wa sarakunan Ƙurɗuba tawaye na tsawon shekaru kafin garin ya faɗi a 928.

Mai iyali zai fi jin daɗin El Torcal, kusa da Antequera, inda ruwa da iska suka sassaƙa duwatsu suka zama kamar faifai da aka jera kan juna. Akwai gajeriyar hanya mai alamar kore ta kusan minti 45, da mai alamar rawaya ta kusan sa'a biyu, kuma sau da yawa awakin dutse suna tsayawa kusa da mutane. Wurin, tare da manyan kaburburan dutse na Antequera, ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2016.

Wanda ya saba da hawa yana da La Concha da ke saman Marbella, da La Maroma, wanda ya haura mita 2,000 kuma shi ne mafi tsayi a lardin, da gandun Sierra de las Nieves da aka mayar na ƙasa a 2021. Ka fita da asuba, ka ɗauki ruwa fiye da yadda kake zato, ka sa takalmi mai riƙe ƙasa, kuma kada ka kunna wuta ko ka yar da guntun taba a daji, domin gobarar da ta ci Sierra Bermeja a Satumbar 2021 har yau tabonta bai gama warkewa ba. Lambar neman agaji ita ce 112.

Da yara fa, me zai burge su?

Kogon Nerja. Wasu samari biyar daga ƙauyen Maro ne suka gano shi a Janairun 1959, kuma a cikinsa akwai wani ginshiƙi da ɗigon ruwa ya gina wanda tsayinsa ya kai mita 32. Akwai matakala da yawa, saboda haka keken jariri ba zai yi amfani ba.

In ɗauki hayar mota ko in dogara da bas?

Garuruwan bakin teku, da Mijas, da Frigiliana, da Ronda, da Antequera, duk bas yana kaiwa. Ƙananan ƙauyuka kuwa bas ɗaya ko biyu ne a rana, ranar Lahadi ma wani lokaci babu, don haka mota ta fi. Ana tuƙi a hannun dama kamar a gida. Hanyar A-7 kyauta ce amma tana da cunkoso, AP-7 kuma ana biyan kuɗi. Ka tafi da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da naka na gida, ka kuma ɗauki ƙaramar mota.

Shawara biyu daga abin da ya same ni. Ta farko, ka ajiye mota a filin da ke bakin ƙauye ka shiga da ƙafa, ko da taswirar waya ta ce akwai hanya. Na taɓa bin ta cikin wani lungu da ya yi ta tsukewa har madubai biyu suka kusa taɓa bango, sai da wani bawan Allah ya fito daga gidansa ya yi ta nuna mini da hannu na koma da baya. Ta biyu, ka ɗauki hoton motar ta kowane gefe kafin ka bar wurin haya. Wani kamfani ya cire mini kuɗi saboda ƙujewar da na tarar a jikin ƙofa, kuma da yake ba ni da hoto, ba ni da hujja.

Yaya batun abinci ga Musulmi?

Gaɓar tana da sauƙi saboda kifi. Abincin da aka fi sanin Malaga da shi shi ne espeto: kifin sadin da ake tsirewa a sanda, a barbaɗa gishiri, a kafa gefen wutar itace a cikin tsohon kwalekwale da aka cika da yashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tsire zai gane aikin, har yadda mai gashin ke duba inda iska ke kaɗawa kafin ya kafa sandunan. Masu gari suna cewa ya fi daɗi daga Mayu zuwa Agusta, lokacin da kifin ya yi kitse, kuma da hannu ake ci. Akwai soyayyen ƙananan kifi, da gazpacho, miyar tumatir mai sanyi da ake sha, da ajoblanco, wadda ake yi da almon da tafarnuwa da man zaitun.

A kan tudu ne ake buƙatar lura, domin abincin ƙauye ya dogara da naman alade. Ka riƙe kalmomin nan: cerdo shi ne alade, jamon da chorizo da lomo duk namansa ne, manteca kuma kitsensa ne, wanda ke shiga har cikin wasu kayan zaƙi. Ana yawan barbaɗa jamon a kan miyar da ba ta da nama, don haka ka ce sin jamon tun kafin a kawo, ka kuma tambaya ko an sa barasa a romo. A Malaga, Fuengirola da Marbella akwai mahauta da gidajen abinci na halal da yawa, galibi na 'yan Maroko. Abincin rana yana farawa wajen ƙarfe biyu, na dare kuma ba kasafai ake samunsa kafin takwas ba.

A ina zan yi sallah?

Akwai manyan masallatai a Malaga da Fuengirola, sai masallacin Sarki Abdul'aziz na Marbella da aka buɗe a 1981 da kuɗin Saudiyya, wanda yana cikin na farko da aka gina a Sifaniya a wannan zamani. A ƙauyuka ba lallai ka samu ba, don haka darduma ta zauna a jaka. Alƙibla daga nan gabas ce da ɗan karkata zuwa kudu, ba arewa maso gabas da muka saba ba. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi na dare, isha'i kuma tana kaiwa bayan sha ɗaya. Agogon Sifaniya daidai yake da na Nijeriya da Nijar a hunturu, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba yana gaba da sa'a guda.

Bakin tekun ya dace da iyali masu kiyaye sutura?

Gara a faɗi gaskiya tun a gida: shigar mutane a bakin ruwa ta yi nisa da tamu, kuma akwai wasu keɓaɓɓun wurare na masu zama tsirara, waɗanda aka sa wa alama. Iyalai da yawa na Musulmi suna zuwa da sassafe ko gab da faɗuwar rana, lokacin da jama'a ta ragu, kuma mata masu hijabi suna yawo a hanyar bakin ruwa ba tare da an ɗauke su baƙin abu ba. Ruwan ya fi yadda ake tsammani sanyi, saboda ruwan Atilantika da ke shigowa ta mashigin Jibralta. A kula da tuta: kore izini ne, rawaya gargaɗi, ja kuma hani ne ko ga wanda ya iya iyo. Kada a bar waya da jakar kuɗi a kan tawul a shiga ruwa.

Zan iya leƙa Alhamra, ko Jibralta, ko Maroko a rana ɗaya?

Granada, wadda littattafan Larabci ke kira Garnaɗa, inda tsohuwar fadar Alhamra take, tafiyar ƙasa da sa'a biyu ce daga Malaga. Tikitin fadojin Banu Nasr a Alhamra yana da ƙayyadajjen lokacin shiga, yana ɗauke da sunan mai shi, ana kuma duba fasfo, don haka a saya da wuri. Jibralta, wato Jabal Ɗariƙ, tana hannun Birtaniya tun 1713, kuma kafin ka nufi can ka tabbatar da ƙa'idar shiga da ta shafi fasfonka. Daga Tarifa, garin da ke ƙarshen kudancin Sifaniya, jirgin ruwa yana kai mutum Tanja ta Maroko cikin kusan sa'a guda, amma wanda bizarsa ta shiga sau ɗaya ce, idan ya fita ba zai iya dawowa Sifaniya da ita ba, ban da bizar Maroko ga wanda ƙasarsa ke buƙata.

Yaya masu gari suke ɗaukar baƙi?

Mutane ne masu fara'a da son hira, kuma gaisuwa tana buɗe ƙofa a wurinsu kamar yadda take yi a wurinmu. Ka ce buenos dias idan ka shiga shago ko ka wuce dattijai a kan benci. Amma akwai abubuwa biyu da ke ci musu tuwo a ƙwarya. Na farko shi ne gidaje: an mayar da dubban ɗakuna na haya ga 'yan yawo, kuɗin haya ya fi ƙarfin 'yan gari, har jama'a suka fito zanga-zanga a Malaga a Yunin 2024. Na biyu shi ne ruwa. A farin 2023 zuwa farkon 2024 madatsar La Viñuela, wadda ke shayar da ƙauyukan gabas da gonakin mangwaro da fiya, ta kusa ƙafewa, aka riƙa ɗauke ruwan famfo da dare a wasu garuruwa, aka rufe famfunan wanka na bakin teku. Don haka ka sauka a masauki mai rajista, ka taƙaita wanka, ka rage murya a lungu bayan azahar lokacin da mutane ke hutawa, kuma idan za ka ɗauki hoton ƙofar wani gida alhali mai gidan yana zaune a bakinta, ka nemi izininsa tukuna.